Ƙusa a kofaton Aura

Kwana huɗu jakin yana ɗingishi ban sani ba. Da sassafe nake fita makaranta, kafin in dawo ɗan yayata ya riga ya fita da amalanke zagaye na biyu, ba sa shigowa sai bayan magariba, ya ɗaure shi a turke cikin duhu. Harawa ce ta tona asiri. Ranar Laraba da asuba na fito alwala, na tarar da wadda aka zuba masa tun daren jiya tana nan ko tsinke bai ɗauka ba. Yana tsaye ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun zube gefe da gefe, ƙafar gaba ta dama ya miƙa ta, bakin kofato kaɗai ke taɓa ƙasa. Jakin da ko kwali ya tsinta a hanya sai ya tauna.

Wanda bai zauna Damagaram ba zai ce mene ne abin tashin hankali a kan jaki. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwa kuma tun zamanin kakanni shi ne ciwon kanmu, har yana cikin dalilan da ake kawowa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. In bazara ta kankama famfo ya ɗauke a unguwa, mai jaki da amalanke da bido goma sha biyu shi ne mai gari. Aura, haka muke kiransa saboda launinsa, shi ke ɗauko mana ruwan sha, shi ke riƙe cefane in wata ya yi nisa. Jaki kuma ya daina araha tun da masu sayen fata suka shigo kasuwa, har sai da gwamnati ta hana fitar da jakai waje a 2016. In wannan ya faɗi, ban san ranar da zan sayi wani ba.

Na tashi yaron. Ya fito yana murza ido, ya ce, "Kawu, ɗan targaɗe ne, ai na ba shi magani."

"Wane magani?"

Ya yi shiru, sannan ya koma ɗaki ya fito da katin tramol, irin mai miligiram 225 ɗin nan da ake sayarwa a ɓoye. Ya ce a dusa yake murtsuke ƙwaya ɗaya kowace safiya, kuma duk masu amalanke a bakin famfo haka suke yi in dabba ta gaza. Kati mai ƙwaya goma ne, saura uku a ciki. Lissafi nake koyarwa, kuma ɗaya sau huɗu ba bakwai ba ne. Na sa katin a aljihu ban ce komai ba, don ba ranar wannan maganar ba ce.

Kafin hantsi maƙwabcinmu dattijo ya leƙo. Tsohon mahayi ne, ya yi shekaru yana fita hawan Sallah, dabba kuwa ya san ta. Ya dafa kofaton da tafin hannu ya ce, "Da wuta a ciki." Wannan ya faɗi daidai. Maganinsa ne ban iya ɗauka ba: a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a saman kofato, a bi da baƙin man inji. Na ce, "To Baba, bari dai in fara kai shi a duba, in abin ya faskara sai mu dawo gare ka." Ya kaɗa kai ya ce ƴan boko da ɓarnar kuɗi.

Kai shi ɗin ma aiki ne. Taku goma ya yi ya tsaya cak. Dole na ɗauko babur mai ƙafa uku na dakon kaya, mu biyar muka ciccibe shi muka ɗora, yaran unguwa suna biye da mu suna ihu yau jaki ya hau mota.

Likitan dabbobin da muka samu bai taɓa shi nan da nan ba. Ya ja da baya ya harɗe hannu yana kallonsa, har na fara ƙosawa. Sai ya ce, "Malam, yaushe rabonsa da cin abinci?" Na ce tun jiya da rana, a iya sanina. Ya ce wannan ya fi ƙafar tayar masa da hankali. Doki in ciwo ya kama shi gari duka sai ya sani: ya tona ƙasa, ya yi birgima, gumi ya wanke shi. Jaki kuwa shiru yake yi, ya rage motsi, wani lokaci har ya sa baki cikin abinci kamar yana ci alhali ba ya haɗiyewa. Shi ya sa ake kawo musu jaki a makare. In kuma ya daina ci na ƴan kwanaki, kitsen jikinsa kan narke ya cika jini ya lalata hanta, sai a rasa dabba a kan abin da ya faro daga ƙaya. Haƙurin kaya sai jaki, muna faɗa muna yabo, ashe haƙurin nan shi ke kashe shi.

Sannan ya matso. Ya ɗora abin sauraren ƙirji bayan gwiwar hannun hagu yana duban agogo, ya ce bugun zuciya sittin a minti, alhali jaki mai lafiya a hutawarsa arba'in da ɗan wani abu yake yi. Ya ɗaga leɓe ya danna dasashi da yatsa, yatsan yana mannewa. Ya tsunkuli fatar wuya ya saki, ta ɗan jima a tsaye kafin ta kwanta. Ya ce da yaron ya ɗebo ruwa a bokiti ya ajiye a gabansa. Daga nan ya ɗauko awo irin na tela ya zagaya ƙirjin, ya auna tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, ya duba wata takarda da ke manne a bango, ya rubuta kilo 130. Ya ce duk allurar da zai yi daga wannan lambar za ta fito. Na tuna yadda a kasuwar dabbobi ake zuƙar magani da ido, a cika sirinji ga babba, rabi ga ƙarami, a ce Allah ya sa a dace.

Na ciro katin tramol na miƙa masa. Bai yi faɗa ba, ya dai juya shi ya ce ko mutum a asibiti 50 ko 100 ake rubuta masa. Abin da ya ƙara shi ya ba ni mamaki. Ya ce tramol in aka ba doki ko jaki ta baki, ɗan kaɗan ne ke kaiwa cikin jini, jikinsu na rushe shi kafin ya yi wani aikin kirki, ga shi dangin magungunan nan suna rage motsin hanji, dabbar da ba ta shan ruwa sosai kuma ta iya samun ƙullewar ciki. Ya dubi yaron ya ce, "Samari, ba ƙwayar ce ta ja amalanken nan kwana huɗu ba." Yaron ya sunkuyar da kai, sandar da ke hannunsa ya jingine ta a bango a hankali.

Allurar farko ta kwantar da hankali ce, zilazin. Ya ce jijiyar wuyan jaki ta fi ta doki wuyar samu saboda wata tsoka da ta rufe tsakiyar wuyan, don haka can sama kusa da muƙamuƙi ya danna da babban yatsa har ta kumbura. Minti biyar ba su cika ba kan Aura ya yi ƙasa, leɓen ƙasa ya saki yana reto, ƙafafu suka ɗan buɗe kamar wanda barci ya sace a tsaye. Likita ya gargaɗe mu kada mu tsaya ta baya, don jaki a haka ma yana iya harbi ba sallama. Yana wanke hannu yake gaya mini cewa wannan maganin, abin da ake yi wa doki a kowane kilo, kashi ɗaya cikin goma nasa ya ishi saniya, kuma saniya mai tsohon ciki tana iya yin ɓari da shi. Kwalba ɗaya ce, amma wanda ya auna wa sa da mudun doki ya kashe sa.

Ya ɗauko wani awartaki mai faɗin baki yana matsa tafin kofaton wuri-wuri. Duk da allurar, da ya zo wani gurbi kusa da baki ta ciki, jakin ya fizge ƙafar har ya kusa tafiya da mai riƙe ta. Likita ya ce, "Ga gidanta nan."

Ta biyu ita ce ta kashe wuri, lidokayin, irin wadda mai cire haƙori ke yi wa mutum. Da ƴar siririyar allura ya sa kaɗan a ƙarƙashin fata gefe biyu na gaɓar da ke saman kofato, inda jijiyoyin ji suke sauka. Muka jira kamar minti goma. Abin da na gani bayan nan har yanzu yana idona. Ƙafar da kwana huɗu ba ta taka ƙasa da kyau ba, sai ga Aura ya sauke ta, ya ɗora mata nauyi, ya ja wani dogon numfashi ya fesar ta hanci har ƙura ta tashi. Yaron ya ce, "Kawu, ya warke!" Likita ya yi dariya ya ce ko taɓa ciwon ba a yi ba tukuna, ƙafar ce aka toshe wa baki, kuma nan da awa ɗaya ko biyu za ta ci gaba da magana.

Ya sa ƙafar tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauko wuƙa mai lanƙwasasshen baki yana feƙe tafin kofaton siriri-siriri, farin ƙaho yana zuba kamar ana fere rogo. Can sai ga wani baƙin ɗigo, bai fi ƙwayar gero ba. Ya bi shi a hankali yana zurfafawa. Sai ji muka yi tsit, wani ruwa baƙi-baƙi mai kauri ya tsarto ya gangaro masa a yatsu, wari ya bugi kowa har mai babur da ke leƙe ya ja da baya yana toshe hanci. Da ɗan hantsaki ya zaro guntun ƙusa mai tsatsa, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Ya ce kofato akwati ne, ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri, shi ya sa mugunya cokali ɗaya a ciki take hana dabba tsayuwa. Ya nuna mini tsokar nan mai siffar kan mashi a tsakiyar tafin, ya ce mu gode Allah ba nan ta shiga ba, don a ƙarƙashinta akwai gaɓa da jijiya, in ƙusa ta kai can sau da yawa sai dai haƙuri. Duk wannan aiki jakin bai motsa ba. Na tuna ƙarfen Baba mai zafi, na yi shiru.

Ya wanke ramin da ruwan aidin, ya cusa auduga, ya naɗe. Ya yi masa allurar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ɗinke muƙamuƙi, ya ce doki da jaki sun fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da shi, rami mai zurfi marar iska irin na ƙusa kuma shi ne inda ƙwayar cutar take so.

Allurar ƙarshe bai yi ta ba sai da mayen ta farko ya sake shi ya sha ruwa, fiye da rabin bokiti. Sunanta fuluniksin, tana sauke kumburi da zafi da raɗaɗi. Lissafin a gabana ya yi shi: miligiram 1.1 a kowane kilo, kilo 130, kwalbar kuma miligiram 50 ce a kowane mililita, ya kama mililita uku ba kaɗan. Na ce duk jakin nan ɗan wannan? Ya ce ƙari ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ci ƙoda ya huda tumbi. Dalilin jiran ruwan ke nan ma: duk dangin wannan magani suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, in aka yi wa dabbar da ƙishi ya busar a zafin watan Afrilu, ana iya gyara ƙafa a kashe ƙoda. Ya soka a jijiyar wuya, ya ɗan ja baya sai da jini ya shigo sirinji, sannan ya tura a hankali. Ya ce kada in yarda kowa ya yi masa ita a tsoka don sauƙi, tana iya jawo ruɓewar nama mai kisa a wurin. Kwana uku za a yi, sau ɗaya a rana, mataimakinsa zai riƙa zuwa gida.

Da yake bakina ba ya shiru, na tambaye shi fenilbutazon da na ji masu dawaki suna yabo. Ya ce magani ne mai kyau ga ciwon ƙafa, sai dai jikin jaki yana fitar da shi da sauri fiye da na doki, kuma in allurarsa ta zuba a wajen jijiya tana cin naman wurin. Babban sharaɗinsa, ba a haɗa shi da wanda aka riga aka yi, ba a kuma haɗa ɗayansu da deksa, wadda wasu masu kiwon turke ke ɗura wa raguna. Biyu a tare gyambon ciki ne. Na ce to ragon layyata fa in ya yi targaɗe? Ya ce fenilbutazon ba na dabbar da za a ci ba ne sam, saboda ragowarsa a nama na iya taɓa ɓargon mutum, sauran kuma kowanne da kwanakin jira a jikin kwalba, na nama daban na nono daban, kafin su cika ba yanka ba tatsa. Har kyanwar gida ya sako a zancen, ya ce parasetamol ƙwaya ɗaya tana kashe ta.

Da na ambaci dikulofenak, wanda kusan kowane gida akwai shi, sai ya ba ni labarin Indiya. Can an yi ta yi wa shanu shi, in sun mutu a yar, ungulaye su ci, ƙodarsu ta lalace. Wasu jinsunan sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, a koma meloksikam da ba ya kashe su. Ya ce namu ungulayen da suka yi ƙaranci a mahauta guba da masu farautar sassan jikinsu ne suka fi cinye su, amma jaki a garin nan in ya mutu bayan gari ake ja a yar, don haka in Aura ya cika da magani a jikinsa, in haƙa rami. Na ce, "Likita, wane irin fata ne wannan?" Ya ce shi dai ya faɗa.

A gida muka yanke bido muka mai da shi kwano. Safe da yamma ruwan ɗumi da gishiri, a tsoma kofaton minti goma sha biyar, a busar, a sa aidin, a naɗe da tsumma mai tsabta, a rufe da guntun buhu, a ɗaure da robar tib ba tamau ba. Na share turken na zuba yashi busasshe. Daren farko wajen ƙarfe tara na ji ƙurum-ƙurum daga tsakar gida, na haska fitila, ya dulmiya baki cikin dusa. Ban taɓa jin daɗin ƙarar tauna irin na ranar ba.

Rigimar a rana ta biyu ta zo. Bayan allura da awa biyu Aura yana tsaye a kan ƙafa huɗu, har yana kai wa akuya cizo. Famfo kuma ya ɗauke tun jiya, mata suna aiko yara da bidunansu da kuɗi a hannu. Na shigo na tarar yaron ya ɗauko kayan ɗauri.

"Kawu, zuwa ɗaya tak. Ka gan shi fa, garau yake."

Ni ma na gan shi, kuma ni ma na san abin da zuwa ɗaya ke kawowa a irin wannan rana. Ba zan ɓoye ba, sai da na yi jim. Amma likita ya riga ya faɗa mini cewa wannan ranar za ta zo, kuma ramin da ya feƙe yana nan a buɗe ƙarƙashin tsumman. Na ce ya mayar da kayan. Ya mayar yana ƙunƙuni, mu da muke sayar da ruwa muka koma saye a hannun wani.

Rana ta huɗu, da aka daina allurar, ɗingishin ya ɗan dawo. Hankalina ya tashi na kira likita. Ya tambaya ko yana ci, na ce yana ci. Ko kofaton da zafi, ko kumburi ya hau ƙafa, na ce babu. Ya ce to wannan ɗingishin shi ne gaskiyar inda ciwon ya kai, in bar shi ya riƙa gaya mini, in ya ƙaru ko ya daina ci in kira shi ko tsakar dare ne. Kullum sai ya ragu. Kofato ba ya tsiro da gaggawa, ko santimita ɗaya ba ya cikawa a wata, don haka sai da muka yi mako uku muna naɗi kafin ramin ya yi tauri. Tsakanin babur da magani da zuwan mataimaki na kashe jaka goma sha huɗu, ban da ruwan da muka saya. Baba ya zo ya ɗaga ƙafar ya daɗe yana duba aikin wuƙar, ya ce yaron nan ya iya fiƙa, bai ƙara komai ba.

Ranar da muka cire ɗaurin, Aura ya nufi inda ake zubar da toka ya kwanta ya yi birgima, ya tashi fari fat, ya wage baki ya yi kukan da rabonmu da ji tun kafin ƙusa. Da daddare na kira yaron zaure, na ajiye katin nan mai ƙwaya uku a kan tabarma tsakaninmu. Na ce jaki ya sha huɗu, ga uku, ina sauran?

Ya daɗe yana jan zaren tabarma. Sannan ya ce, "Kawu, ƙarfe uku na dare nake kama layi. Bido goma sha biyu, ni ke ɗorawa ni ke saukewa, sau huɗu a rana. Bayana ne."

Na ce ya juya. Na danna ƙasan gadon bayansa da yatsa, ya gantsare ya cije leɓe, bai yi ƙara ba. Shekararsa goma sha bakwai. Na ce ya je ya kwanta, gobe ba shi ba famfo, in na taso daga makaranta za mu asibiti. Ƙarfe uku saura na tashi na ɗaura wa Aura amalanke da kaina, na ɗora bido shida.